Malamin da Aka Tura Kebbe a Madadina

Shekarun da na yi ina koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, ina da ubangida. Ɗan siyasa ne, mijin ƙanwar mahaifiyata, kuma a lokacin ana jin maganarsa har Sakkwato. Shi ya samo mini aikin tun farko. Duk abin da ya taso mini, kafin in tuna da roƙon Allah na riga na ciro waya na kira shi. Ina salla, ina azumi, amma a raina na san wanda na jingina da shi.

Wata shekara, muna dawowa daga dogon hutu, aka ce an yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye gaba da Kebbe. Babu wuta, hanyar kuma da damina sai mai ƙarfin hali, ga matata da tsohon ciki. Ko abincin rana ban tsaya ci ba na hau babur sai gidan ubangidana. Ya saurare ni yana shan fura, ya ce in je in kwantar da hankalina. Ba a jima ba aka soke canjin. Sai dai makarantar can tana bukatar malami, dole a tura wani. Aka tura malamin lissafinmu.

Dattijo ne, ya girme ni sosai, teburinmu ɗaya a ofishin malamai, kuma kowa Malam yake ce masa. Yana da mahaifiya tsohuwa wadda idonta ya tafi, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yanta. Kullum kafin ya fito shi ke ba ta kunu da hannunsa, don ba ta yarda ta karɓa daga wani. Na san haka. Shi ma ya san yadda aka yi na fita ya shiga, irin wannan ba ya ɓoyuwa a garinmu.

Malamai suka yi ta ba shi shawara ya nemi wani babba ya tsaya masa. Ni ma, don in rage wa kaina nauyi, na ce ya zo in kai shi wurin ubangidana. Ya dube ni ba tare da fushi ba.

"In an cire ni, wa za a sa? Shi ma yana da tashi uwa. Bari in tai, Allah shi zaɓa muna abin da yaf fi alheri."

Da na koma gida na gaya wa matata cewa mutumin nan ba shi da dabara, bai san yadda duniya take tafiya ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Tsohuwar ba ta da ƙarfin tafiya, don haka ya bar ta a hannun iyalinsa. Duk Juma'a yakan taho a kan tsohon babur ɗinsa, ya koma ranar Lahadi. Haka ya yi har damina ta yi tsakiya. Wata Talata da safe Allah ya karɓi ranta. Aka yi ta neman wayarsa ba ta shiga, sai ta hannun wani mai shago a Kebbe saƙon ya isa. An kwana ana ruwa, rafin da ke tsakanin ƙauyen da babbar hanya ya cika ya batse. Muka jira shi har la'asar, liman ya ce ba za a ƙara ajiye ta ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Ba ta da wani nauyi, amma ban taɓa ɗaukar abin da ya danne mini kafaɗa kamarta ba. Malam ya iso ana kiran magariba, taɓo har gwiwa, ya bar babur ɗinsa a wani ƙauye, wani mai babur ya ƙaraso da shi.

Ranar addu'ar uku na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da shi a kan tabarma. Na ce masa ni ya kamata rafin nan ya tsare, ba shi ba, ni na raba shi da ita. Ya amsa yana jan carbi.

"Ba ka isa ba, ƙanena. Wanda yak kai ni can ya san ranatta tun ba a haife mu ba. Abin da kay yi, tsakaninka da Ubangijinka na. Ni dai na yafe."

Na so a ce ya zage ni. Ya yafe mini, ya kuma nuna mini cewa ni da ubangidana ba mu kai girman da nake ba mu ba. Amma ƙaddara ba ta wanke ni ba. Da ƙafata na je gidan ubangidana, ina sane da cewa wani zai tafi, ban tambayi ko wane ne ba.

Da aka yi zaɓe, jam'iyyar ubangidana ta faɗi. Ya koma birni, wayarsa ta daina shiga. Ba a daɗe ba aka sake yi mini canji, zuwa ƙauyen nan dai. Na duba ko'ina ban ga wanda zan kira ba. A ranar na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba, ina yi ina jin kunyar Allah, don na san ban zo gare Shi ba sai da na rasa kowa.

Malam ne ya tarbe ni. Ya share mini ɗakin da ke kusa da nasa, ya kai ni na gaida mai gari, ya nuna mini rijiyar da ruwanta ba shi da zartsi. Kwano ɗaya muke ci, shi yake jan mu salla a ƙaramin masallacin makaranta, bai taɓa tayar da maganar ba. Bara ya yi ritaya ya koma Tambuwal. Ni ina nan, na kawo iyalina, ban kuma nemi kowa ya mayar da ni ba. Ko tawakkali ne ko kunya, har yanzu ban iya rarrabewa ba.