Gangaren da Baba Bai Hau Ba

Shekarar da aka yanke wa Baba ƙafa saboda ciwon sukari, a shekarar aka gama sabon masallacin unguwarmu a Ɗanzomo. Tun ana haƙa harsashi da shi ake yi, lokacin yana kai shanu kasuwar Maigatari da ƙafafunsa. Yana cikin waɗanda suka ce a ɗaga ginin sama, don ruwan damina ne ya cinye tsohon.

Da aka sallamo shi daga asibitin Gumel, na samo masa keken guragu. Ran Juma'a ya sa farar rigarsa, na turo shi har bakin masallaci. Nan muka yi cirko-cirko. Matakala ce mai tsayi, ga dokin ƙofa a samanta. Samari suka taso suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya, ana ta "a hankali, a hankali". Hularsa ta faɗi, jama'a na kallo. Haka aka shiga da shi, aka yi salla.

A hanya ya ce, "Kada ka ƙara bari a ɗauke ni kamar buhun gero."

Daga nan ya koma bin jam'i daga waje, a gindin darbejiya. In lasifika ta ɗauke, sai ya leƙa motsin mutane ta taga. Mutumin da ya saba da sahun farko.

Na sami Liman na ce, "Allah gafarta Malam, a yi wa Baba gangare ta gefe, inda keke zai hau."

Ya ce, "Wallahi tunaninmu bai kai nan ba. Bari kaka ta yi."

Liman da jama'arsa ba su ƙi ba. Da aka kai amfanin gona gida aka kawo magini, sai dai bai taɓa yin irinsa ba. Ya yi shi a miƙe, ya kuma goge simintin ya yi santsi. Na gwada tura Baba, keken ya dawo mini, saura kaɗan mu kife. Baba ya yi murmushin yaƙe, ya ce, "Mayar da ni inuwa, ɗana."

Aka rushe gangaren, aka sake ja shi ya yi tsawo ya kwanta, aka kafa ƙarfen riƙewa. Kafin siminti ya bushe ciwon ya kama ɗaya ƙafar, muka koma asibiti. Can Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu wani dattijo makiyayi da babur ya karya wa ƙugu ne ke hawa ta nan, yana murza tayar kekensa da kansa. Bai san Baba ba, labari kawai ya ji. Duk sanda muka haɗu sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Ni dai amin nake cewa, in sunkuyar da kai in wuce wurin alwala.