Ɓarnau da Katangar Baba

Tun yana rarrafe kakarsa ta raɗa masa Ɓarnau, kuma gaskiya sunan bai zalunce shi ba. Fitila, agogo, rediyon kawu, duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ga hanjinsa. Babansa kuwa magini ne, irin wanda zai tsayar da kai a titi ya nuna maka bene ya ce, "Aikina ne." Da yaron ya girma ya kama sana'ar rusa tsofaffin gine-gine, sai Baba ya daina ambatonsa. In an tambaya ya ce, "Yana can yana lalata abin da mutane suka gina."

Maganar nan tana ci wa Ɓarnau rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ya ƙware har yakan zare taga gilashinta bai tsage ba. Ya yi aure, ya tara 'ya'ya, amma Baba bai taɓa leƙa wurin aikinsa ba.

Sai ruwan sama ya ci gindin katangar bayan gidansu, wadda Baba ya gina da hannunsa. Ta tsage, ta karkata kan ɗakin maƙwabciya, wata tela mai yara ƙanana. Abokan Baba magina suka zagaya ta, suka ce ana taɓa ta za ta rufta. Mama ba ta nemi shawarar kowa ba, ta buga wa ɗanta waya.

Ya zo da katako da tsani da guduma. Ya tokare katangar, ya hau, ya fara saukewa daga sama, bulo bayan bulo. Simintin ya riƙe gam, gumi ya wanke shi.

"Baba, ginin nan naka akwai taurin kai!"

"Kamar wani da na sani," in ji Baba, yana miƙa hannu ya karɓi bulo.

Kafin rana ta faɗi katanga ta sauka, bulo a jere, rufin tela ko lotsawa bai yi ba. Wani mai wucewa ya tsaya yana jinjina kai, ya tambayi wa ya yi wannan aiki.

Baba ya riga kowa. Ya nuna Ɓarnau, wanda ƙura ta rufe har gira, da yatsan nan da yake nuna bene.

"Ɗana ne," ya ce da ƙarfi. "Shi ma aikina ne."