Tallar da ba ta duba ƙofa

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a Madarunfa, kuma shekarar da aka buɗe mini shafin ciniki a intanet, kaina ya kumbura. Ana saura mako guda salla na biya kuɗin talla a salula, irin wadda duk wanda ya latsa hoton kwalbata za a kai shi shafina, ni kuma a cire wani abu daga kuɗin da na biya.

Ran Laraba shafin ya ƙi buɗewa. Na kira kamfanin da ke ajiye mini shi, suka ce injinsu ne ya tsaya, in yi haƙuri. Na yi haƙurin, na koma kan tuyata ina ƴar waƙata. Tallar kuwa ban tsai da ita ba. A zatona kamar mai shelar unguwarmu take, wanda in ya ga ƙofarka a rufe ya san ya yi shiru.

Ina! Kwana biyu tana kiran mutanen Maraɗi da Ɗan Issa, suna latsawa suna tarar da shafi fari fat, kuɗina kuma suna tafiya.

Da na gane, na yi ta faɗa har ƙulina ya ƙone. Innata tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaya ko mutanen sun zo da yawa. Na ce tuli.

Ta yi dariya har da hawaye. "To, ƴar nan, ai biki kika yi. Abincin ne kawai kika manta."