A Kare Shi

Duk wanda ya taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukumar nan da ke gefen garin Minna ya san Madam Mabel, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan 'yar gajeriya mai tabarau ɗaure da zare, wadda ke zama a kusurwar zauren taro kusa da taga, da dogon littafi a kan cinya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana abu ɗaya: kansiloli su yi ta magana da Hausa, ita kuma ta mayar da abin da suka yanke zuwa Turanci, ta buga, ta sa hannu a ƙasa, a aika wa sashen da zai yi aikin. Ciyamomi sun zo sun wuce, an sake wa ginin fenti sau huɗu, ita tana nan inda ka bar ta.

Kada fa ka ga kamar zama ne kawai. Hausar zauren nan Hausar Minna ce, kowa da bakin da ya taho da shi daga gida. Ga Gbagyi, ga Nufawa, ga Bayarabe haifaffen Sabon Gari, ga Bahaushen da kakansa ya biyo jirgin ƙasa daga Kano. Rabinsu ba ruwansu da 'yar ƙugiyar nan da ke raba baƙi da baki. Mutum zai miƙe ya daki tebur ya ce mutanen mazaɓarsa na fama da kishi, alhali ƙishi yake nufi, rijiyar burtsatse ce ta lalace. Mabel ba ta dariya. Sai ta sunkuyar da kai, ta tsinci ƙugiyar da bawan Allah ya yar, ta maƙala ta inda ta dace, ta rubuta abin da yake nufi. Da wannan kaɗai take alfahari, ita da ba ta iya alfahari ba.

A gida ta koyi sana'ar. Mahaifinta Ezekiel ya zo Minna yana saurayi daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, ya sami aikin masinja tun sakatariyar tana ɗaki uku da rufin kwano. Har ya koma ga Mahaliccinsa Hausarsa ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Ita kuwa a coci ta haɗu da baƙaƙe masu ƙugiya, cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, ta yi ta kallon su tana ganin kamar hula suka karkata. Wata Bakanuwa maƙwabciyarsu a Sabon Gari ta koya mata yadda ake danne su a maƙogwaro. Tun tana 'yar shekara tara ta zama tafintar babanta, daga Hausa zuwa Hausa.

Ezekiel bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasar Minna ba. A haya ya zauna, a haya ya haifi 'ya'ya biyar, da ya rasu kuma aka sa shi a mota aka kai shi ƙauye kamar yadda aka saba. Abu ɗaya ya binne a garin nan ya fito, ƙwallon mangwaro da ya shuka a gaban ofis a makon da aka haifi Mabel. Da ruwan wankin kofunan shayin manya ya rene shi. Wai har kwando yake kifa masa saboda awaki.

Wannan mangwaro ya zama bishiyar da mutum uku ba sa rungume ta. A ƙarƙashinta ake jiran komai: takardar shaidar asali, rajistar aure, izinin kafa rumfa a kasuwa, ko ganin kansilan da ya ce yana nan tafe tun da hantsi. A nan Kafayatu mai kunun zaƙi ta kafa teburinta, a nan ake ƙulla magana kafin a shiga ciki a yi kamar yanzu aka fara ta.

Daga tagar Mabel ana ganin bishiyar gaba ɗaya. In taro ya yi tsawo, rana ta karkata, fanka na juyawa kamar ba ta so, sai muryoyin su yi mata nisa. Hannunta ya ci gaba da rubutu shi kaɗai, bai taɓa kuskure ba, ita kuwa ta fice ta taga. Takan ga babanta ya jingine kekensa a gindin bishiyar, fayiloli ɗaure da roba a baya, yana share gumi da hula. Takan bi saiwoyin da tunani: su ratsa ƙarƙashin zauren, su tsallake kwalta, su bi ta ƙasan layin dogo, wasu su gangara madatsar ruwan Tagwai su sha ruwa, guda ɗaya siririya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har ta taɓa kabarin tsohon a ƙauye. Lokacin da mangwaro ke fure, ƙamshin kan cika zauren, ƙudan zuma su yi ta gunaguni a waje, sai ta kasa rarrabe su da masu girma kansiloli. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma a ranta bishiyar nan 'yar'uwarta ce, tare aka haife su. A takarda har yau ita 'yar Zonkwa ce, garin da ta taka sau shida, huɗu daga ciki jana'iza. Idan tana son ta tabbata cewa ita ma tana da wani abu a Minna, taga take leƙawa.

To, farkon daminar bana aka yi wata iska da la'asar, wani babban reshe ya ɓalle ya rushe gefen katanga. Ba wanda ya ji ciwo. Washegari 'yan sashen ayyuka suka zo da injin yankan katako suka sauke duk rassan wannan ɓangaren, suka bar bishiyar da rabin kai. Sai maganar ta zo gaban kwamitin ayyuka ranar Alhamis.

Injiniya Suleiman, shugaban sashen ayyuka, ya ce bishiya ta tsufa, tun da an fara a ƙarasa, a yi rumfar motoci a wurin. Wani kansila ya ce to ina talakawa za su tsaya, a rana? Aka yi ta ja, awa guda cur. Shugaban kwamitin, Honarabul Ndaceko, dogon Banufe mai saurin magana, ya bar su suna ta yi. Direbansa na jiran sa a waje, zai tafi Abuja kwas na mako biyu, wayarsa sai kuka take a kan tebur. Ya daɗe yana kallon taga. Can ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Bishiyan nan," ya ce, "a kare shi."

Ya fita. Injiniya ya rufe fayil yana murmushi. Kansilan da ya yi maganar talakawa shi ma ya tashi yana murmushi. Kowa ya ji abin da ya zo ji, aka watse, aka bar Mabel da biro a sama.

Ga inda abin ya tsaya mata. In ba ƙugiya, kare ne, wato a tsare bishiyar, a hana a taɓa ta. In da ƙugiya, ƙare ne, a gama da ita. Shi kuwa Ndaceko, Allah Ya sani, bakinsa bai taɓa ɗaukar ƙugiya ba. Shekara huɗu tana sauraron sa. "Taro ya kare." "Lokaci ya kare." "A kare aikin kwalbatin nan kafin ruwa ya sauka." Sau ɗari ta maƙala masa ƙugiya a kan wannan kalma, kuma sau ɗari ta yi daidai.

Ta leƙa waje, motarsa ta riga ta fita daga ƙofa. Tana da lambarsa. Ta ciro waya, ta nemo sunan, ta tsaya tana kallo. Kowa a sakatariyar nan ya san wanda ya shuka mangwaron. In ta kira, roƙo ne, ko da ta ce tambaya ce. Zai ce, "Haba Madam, don ke a bar shi," shi ke nan ta sa hannu a hukuncin da ba nata ba. Ta mayar da wayar jaka.

Ta fita ta zauna a kan benci a gefen da ya rage da inuwa. Kafayatu ta zubo mata kunu a kofi ba tare da ta tambaya ba.

"Anti, me suka ce a ciki?"

"Sun ce abu biyu, Kafayatu."

"To ki rubuta mai daɗin mana. Ba ke ce mai biro ba?"

Mabel ta yi ɗan murmushi. Abin da ya tsorata ta ke nan. Da Ndaceko ya yi maganar, kunnenta kare ya ji, sarai, har zuciyarta ta yi tsalle. Wannan tsallen ne ba ta yarda da shi ba. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa karkatar da layi ɗaya don kowa ba, ko don fasto, ko don ɗan'uwan miji. Yanzu a kan nata za ta fara? Ta jingina da bishiyar ta lumshe ido. Ganyayen na motsi a hankali, haske na sauka a fatar idonta yana ɗaukewa. Ta ga babanta yana tafe da kofuna a tire, yana takawa a hankali kada ruwan ya zube. Ta so ta tambaye shi, amma ta san amsarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai takardun mutane bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Da safe ta buga da Turanci cewa kwamiti ya amince a sare abin da ya rage na bishiyar. Ta sa hannu, ta kai kwafi sashen ayyuka da kanta, ta dawo ta shiga banɗaki ta yi kuka iya kuka, ta wanke fuska.

Takarda kan yi wata uku a sakatariyar nan ba ta motsa ba, amma wannan ƙafa gare ta. Ranar Asabar aka sare bishiyar. Mabel ba ta je ba. Ranar Litinin ta tarar da zauren taro fayau da haske, har ƙurar da ke kan kabad ana gani. Kafayatu ta koma jikin katanga da lema. Masu jiran takardu suka jeru a 'yar siririyar inuwar bango, kowa ya ɗora fayil a ka. Mabel ta leƙa taga sau ɗaya, ta ga kututture fari fat, faɗinsa ya kai tabarma, daga nan ba ta ƙara ba. A taron makon nan tunaninta bai fice ta taga ba, ta ji kowace kalma, kuma taron ya yi mata tsawon da bai taɓa yi ba.

Da Ndaceko ya dawo, ba a ga ya shiga ofis ba. Ya sauka daga mota ya tsaya a kan kututturen, hannu a baya. Aka kira Injiniya, Injiniya ya kawo takarda. Ndaceko ya karanta sau biyu, ya nufi ɗan ofishin Mabel, ya tsaya a bakin ƙofa. Ba faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

"Madam, me na ce ranan nan?"

Ta miƙe tsaye. "Ka ce a kare shi, ranka ya daɗe."

"To. A kare shi. A kewaye shi da waya, kada wani ya sake sa masa inji." Ya dubi takardar. "Ina firamare ta nan nake wucewa. Baba Ezekiel zai kira ni, ya kaɗo min mangwaro da gora, ya cika min riga har cikina ya fito waje. Shi ya sa ban yi dogon magana ba ranan nan. Na ce ko kowa bai gane ni ba, Madam za ta gane."

Mabel ta dafa tebur.

"Na gane ka, ranka ya daɗe," ta ce a hankali. "Tun farko na gane ka. Abin da nake so ne ka faɗa, shi ya sa ban yarda ba."

A waje wani na tambayar inda ake rajistar aure. Ndaceko ya ajiye takardar a gabanta, ya gyara ta da yatsa ta daidaita da gefen tebur.

"Sai a gyara rubutun," ya ce. "Kada a bar shi a littafi cewa ni na ce a yanka."

Ai kuwa haka ƙa'ida ta ce. Ranar Alhamis, kafin a shiga sabuwar magana, aka nemi Madam Mabel ta karanta gyaran da aka yi wa bayanin zaman da aka yi maganar bishiyar. Ta miƙe, ta gyara tabarau, ta karanta da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa don kowa ya ji, cewa kwamiti ya yanke a kare bishiyar mangwaron da ke gaban sakatariya, a kewaye ta da waya, kada kowa ya taɓa ta. Da ta zo kan kalmar kare, ta sake faɗin ta. Wani kansila ya kawo shawarar a amince, wani ya goyi baya, ba wanda ya ƙi. Ta zauna ta rubuta cewa an amince.