Baƙi Biyu a Gidan Doña Eulogia

Doña Eulogia Terceros ta yi shekara talatin da takwas tana gasa burodi a wani lungu bayan babbar kasuwar Cochabamba. Guda ɗari shida kullum, ban da Lahadi. Tana da shekara goma sha tara ta baro garinsu Tarata da kwando ɗaya da siket uku, ta kama aikin kwaɓa fulawa a gidan burodin wani tsoho. A nan ta haɗu da Casiano, mai hura wutar tanderu. Suka yi aure, suka gina nasu tanderun da bulo dubu ɗaya da ɗari biyu, shi yana jerawa, ita tana miƙa masa. Sun haifi biyar, uku suka rayu.

Autarsu Marlene ta tafi Sifaniya jinyar tsofaffi, ta bar musu 'yarta Jhoselin tana da shekara tara. Shekara bakwai ke nan uwa da 'ya ba su haɗu ba sai ta waya, domin takardun Marlene ba su cika ba, in ta zo gida ba ta da hanyar komawa.

A watan Maris na wannan shekarar Casiano ya faɗi a bakin tanderu da itace a hannunsa, bai sake tashi ba.

Jhoselin yarinya ce mai kai. Ta ci jarrabawa, aka ba ta gurbin karatu kyauta a wata makaranta da ake koyar da Jamusanci. Makarantar na musayar ɗalibai: kowace Oktoba yara ashirin su zo daga Jamus su yi mako shida a gidajen 'yan ajin, a Janairu kuma 'yan nan su je can. Doka ɗaya ce. Gidan da ya riƙe baƙonsa har ranar tafiya, ɗansa zai je gidan baƙon. In baƙo ya nemi a sauya masa gida, an raba su ke nan, ɗan gidan ya zauna.

Marlene ta riga ta bincika. Daga inda take zuwa garin da Jhoselin za ta sauka, awa ashirin da bakwai ne a bas, ba mai tambayarta komai.

Baƙuwar da ta faɗo musu sunanta Imke, shekararta goma sha shida, doguwa har ta fi ƙofa. Sau huɗu ta buga goshi a makon farko. Eulogia ta ba ta babban ɗaki, ta sayi bargo biyu sababbi, ta rage barkono a miya har Jhoselin ta ce abincin gidan ya koma na asibiti. Baƙuwar ba ta da fitina. Tana wanke kwanonta, tana harhaɗa Sifaniyancinta a hankali, tana cin burodi uku da safe.

Abin da ya hana Eulogia sukuni shi ne ɗaya ga Nuwamba. A al'adarsu, a ranar da tsakar rana ne matattu ke zuwa gida, su kwana ɗaya, washegari da tsakar rana a sallame su. Wanda ya rasu a cikin shekarar shi ake shirya wa babban tebur na abinci, don zuwansa na farko ne, bai saba da hanya ba. Ba macen da za ta bar mijinta ya zo ya tarar da gida ba shiri.

Doña Felipa, aminiyarta tun suna 'yan mata, ita ta ƙara mata fargaba tun kafin zuwan baƙuwar.

"Ke Eulogia, ki yi hankali da Turawan nan. Ba sa son ganin mutuwa. Nasu a asibiti suke mutuwa, a ƙona su, a miƙo maka a kwalba kamar garin barkono. Bara waccan wani yaronsu ya ga tebur a gidan su mai kantin takalma, ya kwashi jakarsa, ko sallama bai yi ba."

"Da idonki kika gani?"

"Wadda ta gani ce ta gaya wa wadda ta gaya mini."

Eulogia ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta yanke shawara. Tun kafin baƙuwar ta iso ta cire baƙin ƙyallen da ke ƙofar gida, ta sa hoton Casiano a akwati, ta rufe baƙaƙen kayan takabarta da shuɗin mayafi. Da Imke ta tambaya wane ne mai hular da ke rataye a ƙusa, ta ce maigidan ya yi tafiya. Burodin tebur kuwa a gidan Felipa za a yi shi, tebur ɗin kuma a ɗakin ajiyar fulawa, taku uku tsawo, taku biyu faɗi.

"Kaka, a ɗakin fulawa za ki sauki Kakana? Da ɓeraye?"

"Kakanki ya yi shekara talatin da takwas cikin fulawa, ba yau zai fara atishawa ba. Ke dai ki rantse mini ba za ki buɗe baki ba."

Jhoselin ta so ta faɗi wani abu, ta dubi fuskar tsohuwar, ta haɗiye. Ta rantse.

Aka shiga ɓoye-ɓoye. In Imke ta shigo, sai hira ta mutu. In ta nufi ɗakin fulawa, sai a ja ƙofa. A mako ɗaya sau uku aka tura ta kallon fim.

Ranar talatin ga Oktoba da hantsi, Malama Zenobia, mai kula da musayar, ta yi sallama da takarda a hannu. Imke na bayanta, kanta a ƙasa.

"Doña Eulogia, yarinyar nan ta nemi a sauya mata gida."

Eulogia na riƙe da farantin burodi. Ta ajiye shi a hankali, ta goge hannunta a mayafi, ta sake gogewa.

"Me muka yi mata, Malama? Abinci ne? Ruwan zafi ne? Ta faɗa, yau ɗin nan a gyara."

Imke ta ɗago kai. Ta yi maganar kalma-kalma.

"Ba ku yi mini komai ba, Doña. Na san Don Casiano ya rasu. Tun da makaranta ta haɗa mu muke rubuta wa juna, Jhoselin ta rubuto mini tun a Maris. Da kika ce ya yi tafiya, na ce ba kya son maganar. Amma sau tara ina shigowa kuna yin shiru. Ina kwana a ɗakinsa. Kuna cikin baƙin ciki, ni kuma na tare muku gida. Gara in tafi ku huta."

Eulogia ta juya ta dubi jikarta.

"Ja'ira. Wata bakwai kin san ta sani, kika bar ni ina yawo da shuɗin mayafi kamar 'yar biki?"

"Kaka, ai ke kika ce in rufe baki."

Tsohuwar ta zauna a kan buhun fulawa. Ta zare mayafin ta ninke shi a cinya, baƙaƙen kayan suka fito. Ta gaya wa Imke komai: zuwan jibi, da teburin, da tsoron da ta ji kada yarinyar ta firgita ta gudu. Ba ta ambaci Marlene ba, don kada ta ɗora wa baƙuwa nauyin da ba nata ba.

Malama Zenobia ta ninke takardar.

"Zan dawo ranar biyu ga Nuwamba da la'asar. Abin da ta ce a ranar, shi za a yi."

Da Felipa ta zo ta ji labari, sai ta ce a bar tebur ɗin ƙarami, kada a ƙara tsorata ta. Eulogia ta girgiza kai.

"Na ɓoye Casiano, ta ce za ta tafi. To bari ya shigo ta ƙofar gidansa."

Kwana biyu tanderu bai huce ba. Buhu uku na fulawa, ƙwai tire goma sha biyu. Imke ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Jhoselin, aka shimfiɗa baƙin zane a babban ɗaki, aka yi tebur hawa uku. Da kanta ta nemi aiki, aka ba ta tsanin burodin da mamaci ke saukowa a kai. Ya fito a karkace, matakala goma sha ɗaya, ba biyun da suka yi daidai.

"Wayyo Casiano," in ji Felipa. "Ka tsira daga ciwon baya, ga Baturiya za ta karya maka ƙafa."

Imke ta yi dariya, karon farko a mako biyu.

Aka jera faranti goma sha huɗu na abin da Casiano yake so, da tulun giyar masara, da kofin ruwa, da rake huɗu don dogarawa, da dokin burodi mai ɗaukar masa guzuri. A tsakiya aka kwantar da babban burodi mai siffar mutum, da fuskar da aka zana wa gashin baki irin nasa.

Ranar ɗaya ga wata, ƙararrawar coci ta buga goma sha biyu. Eulogia ta buɗe ƙofar gida duka, ta kunna kyandir. Harshen wutar ya kwanta gefe ɗaya, ya miƙe.

"Ka iso, tsoho? Sannu da hanya. Zauna ka sha ruwa. Tanderun ya tsage ta hagu, na sa an liƙe, amma ba kamar naka ba."

Ta gefen ido ta ga Imke ta yi fari fat, ta ja da baya, ta fice tsakar gida. Eulogia ta ji ƙafafunta suna son bin ta. Ta tuna Marlene. Amma ba a barin wanda ya zo daga wannan nisa a tsaye. Ta ci gaba da ba shi labarin gida.

Mutum sittin da uku suka shigo yin addu'a a ranar, kowa ya fita da burodi. Imke ta yi awa biyu zaune a gindin tanderu. Da yamma ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ci komai ba. Washegari ma shayi kawai ta sha, Eulogia kuma ba ta tambaye ta komai ba.

Da tsakar rana aka yi addu'ar sallama, aka kashe kyandir, aka raba abincin. Saura a kife teburin ƙafafu sama, don mamaci ya san lokaci ya yi. Katako ne mai nauyi, sai mutum huɗu. Eulogia ta kama kusurwa, Felipa ta kama, Jhoselin ta kama. Imke ta tako daga bakin ƙofa ta kama ta huɗun. Ba ta saki ba har teburin ya kife.

"Sauka lafiya, tsoho," in ji Eulogia. "Sai baɗi."

Da la'asar Malama Zenobia ta zo da takardarta.

"To, Imke?"

"Na ji tsoro, Malama. Har yanzu ma ina ji."

"In nemo miki wani gidan ke nan?"

"A'a. Tsoro ne kawai. Ina nan."

Malamar ta mayar da takardar jaka, ta karɓi burodi biyu, ta tafi.

Eulogia ta ɗauko waya ta kira Marlene a Sifaniya. Ta ce yarinya na zuwa Jamus a Janairu. Marlene ta amsa daga can.

"Mama, can akwai sanyi sosai. Ina so in saya mata rigar sanyi, amma ban san tsawonta ba yanzu."

"Tsaya, kada ki kashe."

Ta ɗauko tef ɗin awo daga kan keken ɗinki, ta jingina Jhoselin da bango. Hannunta bai kai saman kan yarinyar ba, sai Imke ta riƙe mata bakin tef ɗin. Eulogia ta matso da ido ta karanta, ta sake karantawa.

"Mita ɗaya da santimita hamsin da takwas. Ki ƙara mata kaɗan a hannu, ba ta gama girma ba."