Kan Ne, Malama

Har yau ban manta da ranar Litinin ɗin da Baba Lawal ya ajiye mini takardar neman hutu a kan tebur ba. Lokacin ni ce shugabar wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Wagini, shi kuma mai yanka kati ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa nake so ku da kuka zo bayanmu ku ji wannan daga bakina.

Baba Lawal ya daɗe yana fama da ciwon ɓarin kai. In ya tasar masa, sai ya ɗaure kai da ƙyalle ya shiga ɗakin ajiyar magani ya rufe taga, don ba ya son haske ko hayaniya. Ban taɓa jin ya ce ransa ya ɓaci ba, ko ya ce ya tsorata. Ko ranar da aka ji harbi ta wajen Ruma, kowa ya rikice, shi abin da ya ce kawai, "Kan ne, Malama."

Ƙa'idar hutu ita ce ma'aikaci ya rubuta dalilinsa, shugaba ta sa hannu, sannan a kai ofishin lafiya na Batsari. A wurin dalili ya rubuta ciwon kai, kwana uku. Makon allurar rigakafi ne, mu huɗu ne kacal, kuma karo na uku ke nan da yake neman hutu cikin wata biyu.

Na ce, "Baba Lawal, wannan kan naka ya fi kowa son hutu a asibitin nan."

Ya yi murmushi kaɗan. Na san 'yarsa ta fari, wadda take aure a Safana, ta haihu kuma tana kwance, sai na ce, "Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Yarinyar nan..." don ba ya kiran sunanta, kunyar 'yar fari. Sannan ya ce, "Kan ne dai, Malama."

Na ba shi ƙwayar magani, na ce ya haƙura sai an gama rigakafi. Na jefa takardar cikin durowa.

Ranar Laraba da hantsi wani ya zo a babur daga Safana, ya ce 'yar Baba Lawal ta rasu bayan sallar asuba. Baba Lawal ya ƙarasa rubuta katin da ke gabansa, ya miƙa wa mai shi, ya yi salati, ya hau babur ɗin.

Da muka je gaisuwa, matarsa ta riƙe hannuna ta ce tun Asabar yarinyar take cigiyarsa, kuma tun ranar bai iya cin tuwo ba. Ta ce, "Haka yake. Abin da wani zai yi kuka a kansa, shi a kai yake fito masa."

Bayan sadakar bakwai ya dawo aiki. Na durƙusa na roƙe shi gafara, na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Malama, da na san yadda ake faɗa da na faɗa. Ni dai na ji kan yana sara."

Shekara nawa ina jin "da sauƙi" daga bakin mutanen da aka kawo a kan ƙyaure, amma ranar na karɓa saboda ta dace da aikin da ke gabana. Daga baya na lura da yawa daga cikin masu wannan ciwo haka suke, suna iya nuna maka inda ke sara, ba sa iya faɗin abin da ke ransu. In irinsu ya ce maka kan ne, ka ba shi magani, sannan ka ja kujera ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kuma ka jira amsa.

Takardar tana wurina har yanzu. Wurin sa hannuna babu komai.