Ajin 'Yata a Ɗakin Girki

Makarantar gwamnati da na kai 'yata ta fari, a unguwarmu ta wajen masallacin Ƙiblatain, nan ƙasa mai tsarki, ba don karatu aka gina ta ba. Gidan wani attajiri ne hukuma ta kama haya, aka jera bencina a ɗakunan kwana. Ban gane lamarin sosai ba sai tana aji uku, ranar da na tambaye ta inda take zama. Da Larabci ta amsa, yadda 'ya'yanmu suka saba, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci.

"Kusa da famfo, Umma."

"Wane famfo kuma?"

"Na wanke-wanke mana. Ai ajinmu kicin ne."

Na yi dariya har da hawaye, na ɗauka shirmen yara ne. Washegari na zura abaya na je. Ashe gaskiyarta. An rataye allo inda murhu yake a da, kabad ɗin tukwane cike da littattafai, yara a cunkushe gwiwa na gogar gwiwa. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira mukayyif, sai gurnani take ba sanyi. Malamar tana koyar da lissafi tana fifita da littafin rajista.

Ba a jima ba aka kira taron iyaye mata. Shugabar makarantar ta ce don a rage cunkoso, za a ba wasu yara masu ƙoƙari takardar shiga wata sabuwar makarantar kuɗi a hanyar filin jirgi, hukuma ce za ta ɗauki nauyi. Da ta karanto sunaye na ji na 'yata. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Na taɓa wucewa ta gaban makarantar nan, na ga motar ɗaukar ɗalibai da filin wasa mai rumfa.

A hanyar gida muna tafe mu uku: ni, da Goggo ƙanwar mahaifina, wadda ke riƙon jikarta a makarantar, da maƙwabciyata 'yar Nijar, wadda mijinta ke aiki da takardar zama. Ita maƙwabciyar ta yi mini barka da fara'arta. Sai a lokacin na tuna 'yarta ce ke zuwa ta ɗaya a ajin, kuma ba a kira ta ba, don takardar ta 'yan ƙasa ce kawai, irinmu.

Goggo ba ta iya ɓoye magana ba. Ta tsaya tsakiyar titi ta ce, "To, 'yar nan, an kwashe naku. Sauran fa? A bar su da famfo?"

Na ji haushi, na ce, "Goggo, ni na raba takardun?"

"Ba ke kika raba ba. Amma in duk masu baki suka tafi, wa zai yi magana?"

Sati guda takardar tana cikin akwatina. Maigidana, wanda ke aikin kayan alhazai a filin jirgi, bai tsawaita ba. Ya ce, "Yadda kika gani. Amma ƙannenta biyu na tafe, kuma ba wanda ya yi miki alkawarin takarda uku." Ita ma yarinyar ta ce ba inda za ta ba tare da ƙawarta, 'yar maƙwabciyata, ba. Na mayar da takardar. Wasu iyayen sun karɓa, ban kuma ga laifinsu ba, har yau muna zumunci.

Daga nan Goggo ta ce a rubuta ma'arudi, wato takardar koke. Muka je wurin wani dattijo da ke zama da keken rubutu a bakin ofisoshi, yana rubuta wa mutane buƙatunsu. Goggo ta gyara tsayuwa ta ce, "Rubuta: kuɗin da za ku kai wa makarantar wani, ku gina mana tamu da shi. 'Ya'yanmu ba tukwane ba ne."

Dattijon ya cire tabarau ya dube ta. "Hajiya, haka zan rubuta?"

"Haka."

Ya ƙwanƙwasa kekensa, ya karanto mana. Ya fara da addu'a da yabo layi-layi, sannan ya ce iyaye suna roƙo cikin ladabi a duba yiwuwar gini. Goggo ta ce ina tukwanenta? Ya ce suna nan cikin ma'ana. Ta ƙi tafiya sai da ya ƙara layi guda ya ambaci kicin ɗin ƙarara.

Kullum bayan la'asar muka riƙa bin gidaje da takardar da ɗan kwalin tawada. Mai iya rubutu ta sa hannu, wadda ba ta iya ba ta dangwala yatsa. Hausawa, Larabawa, Bukhariyawa masu asali daga ƙasashen gabas, kowa da ƙorafinta. Wata ta ce ajin 'yarta ƙarƙashin matakala yake. Kowane gida sai an ba mu shayi da na'ana'a, har na fara gudun ganin kofi. Maƙwabciyata ta ji tsoron sa hannu saboda takardar zaman mijinta, ba mu kuma matsa mata ba. Ita ta riƙa tsare mana ƙananan yara duk ranar da muka fita.

Muka kai koken sashen mata na ofishin ilimi. Jami'ar da ke wurin ta karɓa ta ce in sha Allah. Asabar ta zagayo muka koma, ta sake cewa in sha Allah. Haka muka mai da shi al'ada, duk Asabar, wadda a nan ita ce farkon mako a lokacin, muna kan kujerun jira, Goggo da fulas ɗinta da dabinon Khaibar tana raba wa ma'aikata. Har suka saba da mu, in ba su ga ɗayarmu ba sai su tambaya ko lafiya.

Wata Asabar Goggo ta ce wa jami'ar, "'Yata, mun sha zuwa gidanki. Ba ki san ana rama ziyara ba?"

Matar ta yi dariya, kuma abin mamaki ta zo. Muka zaunar da ita a bencin yara cikin kicin ɗin, da rana tsaka. Ba ta yi minti goma ba mayafinta ya jiƙe da gumi. Ana cikin karatu wani ya buɗe ruwa a saman bene, bututun bango ya hau ƙugi, yaran suka yi shiru gaba ɗaya suna jira ya gama, don sun saba. Shirun nan ne ya taɓa ta. Ta daina murmushi, ta ciro biro ta yi ta rubutu.

Kafin hutu aka kawo sababbin mukayyif, aka mayar da aji uku zuwa falo. Gini kuwa sai da muka shekara biyu da wani abu muna zarya, har wasunmu suka gaji suka bari. Ni ma na yi fashin watanni da na haihu. Amma aka ba da fili a bayan unguwa, muka ga an zuba yashi, muka ga bango yana tashi.

Ranar ƙaura motar kaya ta makara, sai iyaye mata muka ɗauki abin da za mu iya, wannan da taswira, waccan da kujerar malama a ka, muka bi titi muna guɗa kamar masu kai amarya. Masu shaguna suka fito suna kallo. 'Yata ta fari lokacin ta riga ta wuce zuwa makarantar gaba, ƙannenta ne za su shiga. Ta biyo mu ta leƙa azuzuwan, ta ga tagogi manya-manya da filin wasa, ta turo baki.

"Umma, ni na sha zafin, su za su sha daɗin?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Kama mini wannan allon, hannuna ya gaji."

Ta kama gefe guda, muka hau da shi bene tana ta mita.